Katako a Ƙasa

Shekara talatin da ɗaya ina rataye jikin benaye,
ni Pyo Man-su, mai wanke tagogin Busan.
Na ci abincin rana a hawa na sittin
ƙafafuna na lilo bisa kan motoci,
har gyangyaɗi na taɓa yi, igiya ta riƙe ni.
Wannan mutumin ne jikarsa Seol-hui
ta ja hannunsa ranar Lahadi
zuwa kasuwar ƙarƙashin ƙasa ta Seomyeon,
wani shago tsakanin mai safa da mai gyaran waya.

Yaron shagon ya shimfiɗa katako a daɓe,
tsawonsa bai kai gadona ba,
kaurinsa yatsu biyu.
Ya ce in cire hula.
Ya ɗaura mini wani tabarau mai ƙaton goshi,
nauyin kwanon shinkafa cike,
soson bakinsa da sauran ɗumin fuskar wani.

Duhu.
Sai lifta, sai lambobi suna hawa.
Ƙofa ta buɗe:
ga katakon nan, shi ɗin dai,
ya miƙe a kan babu.

Na yi dariya, na ce wa ƙafar dama, bismillah.
Ƙafa ta ƙi.

Can ƙasa motoci kamar an watsa riɗi,
jirgi mai saukar ungulu ya gifta ta ƙarƙashina.
Na san ƙarya ne. Kaina ya sani sarai,
ina ma jiyo mai safa tana kiran
uku won dubu biyar, uku won dubu biyar.
Amma je ka faɗa wa gwiwa.
Hannuna ya tafi ƙugu da kansa
yana laluben ƙarfen maƙala igiya,
ya ci karo da bel ɗin wandon fita.
Na duba hannun, babu hannun.
Na duba ƙirji, babu ƙirji.
An kawo idona sama, an bar sauran a ƙasa.

Saman da na sani yana da iska,
ta teku, mai gishiri, mai turo mutum kamar ƙato a layi.
Yana da sanyin gilashi a tafin hannu,
da wata mai aikin ofis can ciki
tana yi kamar ba ta gan ni ba,
da Gil-nam a igiyar hagu yana fito, bai iya ba.
Wannan kuwa shiru.
Tagogi dubu, tsaf-tsaf,
ko ɗigon kashin tsuntsu babu.
Wa ya wanke su?
Wannan tambayar ce ta ƙarasa ni.

Na durƙusa.
Na rarrafa, taku uku na gwiwa,
ina rungume da katako kamar ɗan akuya a kwalekwale,
har yaron ya dafa kafaɗata
ya zare mini birnin daga fuska.

Fitilu, safa, ƙamshin suyar kifi.
Katako yana nan, yatsu biyu daga ƙasa.
Seol-hui ta riƙe ciki, hawaye shaɓe-shaɓe:
Kaka, kai fa! Kai da hawa sittin!

A jirgin ƙasa na damƙe madaurin sama da hannu biyu,
shatin tabarau bai bar goshina ba.
Ta nuna mini abin da ta ɗauka a waya:
wani tsoho mai sanƙo yana rarrafe a daɓen shago,
mata biyu da ledoji sun tsaya kallo.
Na ce ta goge.
Kafin tasha ta gaba na ce,
to, tura wa Gil-nam tukuna.

Da dare na jawo jakar aiki daga bayan kabad.
Igiyar tana nan, ta ɗan yi tauri.
Na lura akwai ginshiƙi a shagon, dab da ƙofa.
Lahadi zan tambayi yaron
ko zai bari in ɗaura.